Abin da taswirar iskar sama take faɗa game da zafin Kaduna

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kaduna. A watan Afrilu, ranar da zafi ya hana ɗalibai sukuni a aji, na buɗe taswirar yanayi a waya, na zaɓi wadda aka rubuta wa 500, sai na ga harafin H, alamar matsin iska mai yawa, a kan arewacin Najeriya da Nijar. Da na koma taswirar doron ƙasa sai na tarar da harafin L, alamar ƙarancin matsi, kusan a wuri ɗaya. Mu kuwa muna koya wa yara cewa matsi mai yawa yana tafiya ne da iska mai sanyi da nauyi irin ta hunturu. Wace taswira ce ta faɗi gaskiya, kuma me ta sama take gaya mana game da zafin da muke ji a ƙasa?

Amsa: Malam, dukkan taswirorin biyu gaskiya suka faɗa maka, kuma zafin nan da ya dami ɗalibanka shi ne ya haifar da harafin H na sama da harafin L na ƙasa a lokaci ɗaya. Abin da kake koyarwa ma daidai ne, sai dai ya tsaya a kan abin da ke faruwa a doron ƙasa. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin wannan ita ce gaɓar da na ga ta fi rikita masu fara koyon aikin hasashen yanayi, kuma duk wanda ya warware ta, sauran karatun taswira yakan zo masa da sauƙi.

Matsin iska shi ne nauyin dukkan iskar da ke bisa kanka, daga inda kake tsaye har zuwa ƙarshen sararin samaniya. A bakin teku, kamar Legas, matsakaicinsa milibar 1013 ne. Kaduna tana bisa tsayin da ya kai kimanin mita 600, saboda haka ma'auni a nan yakan nuna wajen 940 zuwa 945, a Jos kuma bai kai 900 ba. An tabbatar da wannan tun shekarar 1648, lokacin da masanin kimiyya Blaise Pascal ya sa aka hau wani dutse a Faransa da ma'aunin matsi, aka ga yana raguwa gwargwadon hawa. Ita taswirar doron ƙasa da ka gani, an yi wa alƙalumanta gyara ne kamar kowane gari yana bakin teku, don kada tsaunuka su ɓata kwatancen.

Taswirar sama kuwa tsarinta daban ne, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. A kan taswirar 500 matsin iri ɗaya ne ko'ina, milibar 500 ne a kan Kaduna, milibar 500 ne a kan Landan. Abin da layukanta suke nunawa shi ne tsayin da mutum zai hau kafin ma'auninsa ya sauko zuwa 500, wato wurin da kusan rabin nauyin iskar duniya yake ƙarƙashinsa, rabi kuma yana bisansa. Idan ka ga an rubuta 5,880 a jikin layi, ko an taƙaita shi zuwa 588, ana nufin mita 5,880 daga bakin teku. Harafin H a wannan taswira yana nufin wurin da wannan mataki ya yi tozo, harafin L kuma wurin da ya lotsa. Haka sauran matakan suke: 925 yana wajen mita 800, 850 wajen mita 1,500, 700 ya ɗan haura mita 3,000, 200 kuma ya wuce mita 12,000, kusa da inda manyan jiragen sama suke bi.

To me yake sa matakin ya yi tozo a wani wuri, ya lotsa a wani? Zafin iskar da ke ƙarƙashinsa ne. Ka ɗauki auduga mai nauyi ɗaya kashi biyu, ka danne kashi ɗaya a buhu, ɗayan kuma ka shiɓe shi har ya tashi. Nauyinsu bai bambanta ba, amma idan aka ce ka nuna inda rabin nauyin kowanne ya tsaya, na shiɓaɓɓiyar zai fi nisa da ƙasa. Iska mai zafi tamkar shiɓaɓɓiyar auduga take, tana kumbura ta miƙe sama, mai sanyi kuma tana takurewa. Wannan alaƙa tana da lissafi tsayayye: tazarar da ke tsakanin matakin 1000 da na 500, wadda muke kira kaurin iska, tana ƙaruwa da kimanin mita 20 duk lokacin da matsakaicin zafin wannan iska ya ƙaru da digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos. Saboda haka wanda yake kallon taswirar 500, ya sani ko bai sani ba, yana karanta zafin iskar da ta kai kaurin kilomita biyar zuwa shida ne baki ɗayanta.

Yanzu mu koma ranarka ta Afrilu. Rana tana tsaye a kan ƙasar da ta bushe tun Nuwamba, babu laimar da za ta shanye zafin, saboda haka ƙasa tana gasa iskar da ke kanta har zuwa tsayin kilomita uku ko huɗu, a cikin Sahara ma fiye da haka. Iskar ta kumbura, matakan sama suka yi tozo, ga harafin H ɗinka. Da tozon ya samu, sai iskar can sama ta riƙa gangarawa gefe zuwa wuraren da matakin ya fi ƙasa, kuma duk abin da ya gangara ya fita daga nauyin da ke kan Kaduna da Agadas. Nauyi ya ragu a ƙasa, ga harafin L ɗinka. Wannan shi muke kira ƙarancin matsi na zafi. A bazara yana kusa da mu, zuwa ƙarshen Yuni kuma yakan koma can tsakanin arewacin Mali da kudancin Aljeriya, kuma shi ne yake janyo iskar teku mai laima zuwa cikin ƙasa har damina ta kankama. Matsin hunturu da kake koya wa yara kishiyar wannan ne: iska ce mai sanyi da nauyi da ke taruwa a kan Libiya da arewacin Sahara, tana nuna matsi mai yawa a ƙasa, amma da yake a takure take, ƙarfinta yakan ragu da sauri idan aka hau sama.

Akwai wani abin da nake so ka yi hattara da shi, domin yawancin bayanan da za ka ci karo da su a intanet an rubuta su ne don Turai da Amurka. A can taswirar 500 ita ce uwar taswirori. Layukanta suna lanƙwasa kamar kunya da kwari a gona, kuma bambancin yana da girma, domin a kan Ingila tsayin yana iya saukowa wajen mita 5,200 a lokacin sanyi, ya haura 5,800 a lokacin zafi. Ƙarƙashin kunya iska tana sauka, kuma iskar da ke sauka tana matsuwa ta yi zafi da kusan digiri 10 a kowace kilomita, gajimare ya watse, rana ta samu filin gasa ƙasa. Irin wannan kunya ce ta kafe a kan yammacin Kanada a ƙarshen Yunin 2021, har garin Lytton ya kai digiri 49.6 a ranar 29 ga watan. Gaban kwari kuma iska tana hawa, nan ake samun gajimare da ruwa. Masu hasashe a can har suna amfani da layin kaurin mita 5,400 a matsayin kusan iyaka tsakanin ruwan sama da dusar ƙanƙara.

Abin da ya ba taswirar wannan ƙarfi a can shi ne juyawar duniya, wadda take karkatar da iska zuwa dama a arewacin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, har ta riƙa bin layukan taswira maimakon ta ratsa su. Wannan karkatarwa tana da ƙarfi kusa da ƙuryar duniya, tana raguwa yayin da ake kusantar ikwaita, a kan ikwaita kuma babu ita sam. Kaduna tana digiri 10 da rabi ne kawai arewa da ikwaita. A nan iska ba ta barin wani babban tozo ko rami ya daɗe, da ya fara samuwa take cike shi, shi ya sa tsayin matakin 500 a kanmu yakan tsaya kusa da mita 5,850 zuwa 5,900 kusan duk shekara, zafinsa kuma wajen digiri 5 zuwa 7 ƙasa da sifiri, a Janairu ko a Agusta. Ra'ayina shi ne, wanda yake neman zafin gobe a Kaduna daga taswirar 500 kaɗai zai sha kuskure, ko da ya iya karanta ta sarai. Mu a wannan yanki mun fi dogara da matakan da ke ƙasa da ita, kuma mun fi kallon inda iska ta fito da laimar da ta ɗauko fiye da layukan tsayi.

Idan zafin rana kake nema, taswirar 850 ce abokiyar aikinka. Tana da tazarar kimanin mita 900 daga doron Kaduna, ta yi nisan da sanyin dare da ɗumin kwalta ba sa ruɗa ta, ta kuma yi kusan da za ta nuna irin iskar da ta mamaye garin. A ranar rani mai sararin sama, zuwa azahar iskar ƙasa da ta wannan mataki sun gauraya sosai, kuma a irin wannan hali zafi yana ƙaruwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 100 ta saukowa. Misali, idan taswira ta nuna digiri 26 a matakin 850, ka ƙara 9, ka samu 35, sannan ka ƙara biyu ko uku saboda ƙasar da ta gasu, sai ka yi tsammanin 37 ko 38 tsakanin azahar da la'asar. Wannan lissafi ɗaliban sakandare za su iya yinsa a allo, su kuma gwada shi da ma'aunin zafi da aka rataye a inuwa. A Jos lissafin yana canzawa, domin matakin 850 bai fi 'yan ɗaruruwan mita a kan garin ba, abin da za a ƙara kaɗan ne, kuma wannan shi ne asalin sanyin Jos.

Da dare kuwa lissafin ya rushe gaba ɗaya, kuma hunturu ne babban shaida. Zafin matakin 850 a kan Kaduna a Janairu da na Agusta ba su da nisa da juna, amma kowa ya san asubahin Janairu da na Agusta ba ɗaya ba ne. A Agusta laima da gajimare suna rufe gari kamar bargo, zafin da ƙasa ta tara ba ya samun hanyar fita, dare yakan tsaya wajen digiri 20 ko sama da haka kaɗan. A Janairu iska a bushe take ƙayau, sama a buɗe, ƙasa tana zubar da zafinta tun faɗuwar rana, har da asuba a wayi gari da digiri 13 ko 14, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a fadamu da bakin Kogin Kaduna inda iska mai sanyi take gangarawa ta kwanta. A wannan lokaci iskar da ke mita ɗari biyu ko uku a sama ta fi ta ƙasa ɗumi. Wannan juyewa ce take danne hayaƙin itace da na motoci a kan unguwanni da sassafe, sai hantsi ya ɗaga sannan ya watse. Babu taswirar sama da za ta nuna maka wannan ɗari kai tsaye, sai dai ta nuna maka bushewar iska da rashin gajimare, kai kuma ka gane abin da zai biyo baya.

Duk da haka, a hunturu ne taswirar 500 take mana amfani mafi girma, amma ba a kan Kaduna za ka dube ta ba, sai can arewa a kan Bahar Rum. Idan babban kwari ya ratsa tekun ya nufi Masar, a bayansa iska mai sanyi takan kwararo cikin Sahara, matsin ƙasa ya hau a kan Libiya. Wannan yana ƙarfafa iskar arewa maso gabas, wadda take matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a arewacin Chadi, ta faɗa kwarin Bodele, tsohon gindin Tafkin Chadi na zamanin da, wanda yake cikin manyan wuraren da ƙura take tashi a duniya. A taswirar 925 za ka ga wannan iska ta yi ƙarfi cikin dare, da hantsi kuma ƙarfin ya sauko ƙasa ya kwashi ƙura. Bayan kwana ɗaya ko biyu hazo ya rufe Maiduguri da Kano, sannan ya iso mu, jirage su kasa sauka, masu ciwon asma su shiga wahala, zafin rana kuma ya ragu saboda ƙurar ta tare hasken. Wanda ya ga kwarin tun yana kan Bahar Rum ya samu kwanakin da zai yi gargaɗi.

Matakin 925 yana da wani aiki a ƙarshen rani. Da yake bai fi mita 200 a kan Kaduna ba, shi ne yake fara nuna isowar iskar bazara daga kudu maso yamma. Akwai iyaka tsakanin wannan iska mai laima da busasshiyar iskar Sahara, wadda take can kusa da gaɓar teku a Janairu, ta riƙa hawowa arewa har ta kai wajen digiri 20 a Agusta. A Maris da Afrilu tana kai-kawo a kanmu, takan matso cikin dare ta koma da rana, kuma ita ce take kawo daren nan na gumi da ake kwana a tsakar gida ba a runtsa ba, domin laima ta shigo amma ruwa bai zo ba. Dalili shi ne iskar teku tana kutsowa ne ta ƙarƙashin ta Sahara kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. Sai iyakar ta wuce mu da ɗaruruwan kilomita, laima ta yi zurfin da za ta bayyana a taswirar 850, sannan hadari yake samun abin da zai ginu da shi. Saboda haka nake jin tsoro duk shekarar da na ga manoma sun zuba iri bayan ruwan farko alhali laimar ba ta kai matakin 850 ta zauna ba, domin irin wannan ruwa yakan yi ɗaya ya ɗauke har mako biyu ko uku.

Sai matakin 700, wanda a ganina shi ne ya fi nuna kyawun alaƙar da kake tambaya. A damina Sahara tana da zafi ƙwarai, Tekun Gini kuma yana da sanyi. Iskar arewa ta kumbura, ta kudu ta takure, saboda haka a tsayin kilomita uku zuwa huɗu matakin ya fi tozo a arewa. Iska tana gangarowa daga tozon, juyawar duniya ta karkata ta, sai ta zama wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma tsakanin matakin 700 da na 600, da gudun kusan kilomita 40 a awa, tsakiyarta tana wajen digiri 15 arewa a Agusta. Wannan ne ya sa kake jin iskar ƙasa tana zuwa daga kudu maso yamma, amma hadari yana haɗowa daga gabas, abin da iyayenmu suka daɗe da sani. Bambancin zafin ƙasa ne ya gina wannan iska ta sama, ita kuma take tuƙa hadarin da ke tasowa daga tsaunukan Jos zuwa kan Kaduna da yamma ko cikin dare. Iskar wannan mataki busasshiya ce, idan ruwa ya faɗo cikinta sai wani sashensa ya zama tururi ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta rufto ƙasa da ƙarfi. Ita ce iskar da take riga ruwa isowa, ta sauke zafi da digiri takwas ko goma cikin 'yan mintuna, kuma ita ce take kwashe kwanon gidaje da na makarantu a Afrilu da Mayu.

Wannan iska ta gabas ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa, kuma lanƙwasar tana tafiya yamma, ɗaya na bin ɗaya duk kwana uku zuwa biyar, tsakanin kowace da mai bi mata kilomita 2,000 zuwa 4,000. Masanin yanayi Robert Burpee ya yi bayanin asalinsu a 1972, kuma an ƙara nazarinsu a babban gwajin da aka yi daga Dakar a 1974. Kusa da kwarin kowace lanƙwasa, musamman ta gabansa, hadari yakan yi yawa, bayan ya wuce kuma a samu sarari. Idan ka ga kwarin a kan Chadi a taswirar 700, ka san nan da kwana biyu yana iya kasancewa a kanmu, kuma a nan maganar Hausawa ta dace, cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wasu daga cikin waɗannan lanƙwasa, bayan sun shayar da gonakinmu, sukan fita Tekun Atlantika ta wajen Senegal su zama manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan. Taswirar 200 kuma tana nuna wata iskar gabas ta can ƙololuwa wadda take tasowa daga yankin Indiya, kuma an lura cewa shekarun da take da ƙarfi damina takan yi kyau a yankin Sahel.

Ya kamata ka san inda alƙaluman suke fitowa. Tushensu balan-balan ne da ake cikawa da iska mara nauyi, a ɗaura masa na'urar auna matsi da zafi da laima, a sake shi sau biyu a rana, ya hau har wajen kilomita 30 kafin ya fashe. Lokacin da ake rubutawa 00 da 12 a jikin taswira agogon duniya ne, wato ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya na rana a Najeriya. Tashoshin da ke sakin balan-balan a Afirka ta Yamma ba su da yawa idan aka kwatanta da Turai, abin da yake damuna ƙwarai, saboda haka taswirar da ke wayarka yawancinta lissafin kwamfuta ne da aka haɗa da bayanan tauraron ɗan'adam da na jiragen sama. Tana kama manyan abubuwa da kyau, kamar ƙurar Bodele da iskar gabas, amma ba ta iya faɗa maka ko hadarin yau zai zuba a Kawo ya bar Sabon Tasha. Don gargaɗin ruwa mai ƙarfi ko tsananin zafi, sanarwar NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ce abin bi.

Idan wayarka tana da ma'aunin matsi kuma kana son ɗalibai su riƙa rubuta shi, ka gaya musu tun farko cewa za su ga yana hawa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, yana sauka wajen ƙarfe huɗu na yamma da huɗu na asuba, da bambancin milibar biyu zuwa uku ko fiye kaɗan, kowace rana. Wannan hawa da sauka ɗumamar rana ce take jawo shi, ba alamar hadari ba ne, kuma a yankinmu yakan fi canjin da ake samu daga rana zuwa rana girma. Su riƙa aunawa a lokaci iri ɗaya kullum, su rubuta zafin 850 da inda iskar 925 ta fito a gefensa, daga farkon Maris har zuwa ruwan shuka.